Kafin a sayi sabar, a fara tambayar wa zai kula da ita

Duk wata babbar ma'aikata a Sakkwato, asibiti ce ko jami'a ko kamfani, yanzu tana da manhajoji da dama waɗanda ba sa jin yaren juna. Sashen kuɗi na da tasa, masu ajiye bayanan marasa lafiya ko ɗalibai na da tasu, biyan kuɗi na bi ta Remita ko ta banki, ga tantance NIN da BVN a gefe. Mai ɗaukar saƙo daga wannan ta kai wa waccan ita ce manhajar haɗi, irin su MuleSoft, IBM MQ, BizTalk, WSO2 da Apache Camel. Aikinta kamar na dillali ne a kara, ya san abin da ke aljihun mai saye, ya san abin da ke ran mai sayarwa. Kalmar sirrin rumbun albashi na hannunta, ta banki ma haka. Ɓarawon da ya kutsa cikinta ya samu hanyar shiga duk sauran.

To, a ina ya kamata a ajiye ta? A kan kwamfutocin wani kamfani can ƙasar waje, abin da ake kira gajimare, ko a kan sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe manhajoji da bayanai, a cikin ginin ma'aikatar?

Ni dai, ga mai aiki a Sakkwato, ina bayan a ajiye zuciyar aikin a gida, kuma ina da dalilai. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar bankuna ta sami tangarɗa. Asibitin da ɗakin gwajinsa ba zai iya aika sakamako zuwa ga likitan da ke bene na sama ba sai saƙon ya je Turai ya dawo, ranar irin wannan sai dai ya koma ga biro da takarda. Ga kuma dala, wadda ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, alhali kuɗin hayar gajimare da ita ake lissafa shi kowane wata. Doka ma tana da magana: ƙa'idojin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, na 2013 sun ce bayanan gwamnati a cikin Najeriya za a ajiye su, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa.

Inda nake rabuwa da masu wannan ra'ayi shi ne inda suke ɗauka cewa tun da na'urar tana ofishinsu, an kulle ƙofa, maigadi na zaune, to magana ta ƙare. Mai kutse ba ta ƙofa yake shigowa ba. A watan Maris na 2021, lokacin da aka gano ɓaraka a manhajar wasiƙu ta Microsoft Exchange, waɗanda suka ajiye ta a kan sabar kansu ne abin ya ritsa da su, masu amfani da ta gajimare bai taɓa su ba. A Disambar 2021 aka gano ta Log4j, wani ƙaramin ɓangare da ke cikin ɗimbin manhajojin da aka rubuta da yaren kwamfuta na Java, kuma manhajojin haɗi da yawa da Java aka gina su. A Oktoban 2023 ActiveMQ, wadda aikinta kai saƙo tsakanin manhajoji ne, ta zama hanyar masu garkuwa da bayanai suna neman kuɗin fansa. Mafi ban takaici ita ce cutar kwamfuta ta WannaCry ta watan Mayun 2017, da ta sa asibitocin Ingila soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da facin, wato gyaran da ke toshe ɓarakar, tun watan Maris. Maganin yana nan, wanda zai sa shi ne bai sa ba. A gajimare, rabin wannan aikin na wuyan kamfanin da ka yi haya. A gida kuwa, duk naka ne.

Na sha shiga ɗakin sabar da aka kashe miliyoyi a kansa na fito jikina a sanyaye. Tsohon sito ne aka share, aka maƙala na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya, wadda ke mutuwa da an kashe janareto bayan tashi daga aiki. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, na'urar da aka so ta zauna tsakanin digiri 18 zuwa 27 tana kwana tana gasuwa. Ƙurar hunturu ta toshe fankarta har ta yi ja. Kalmar sirrin shugaban tsarin tana rubuce a takarda, an liƙa ta da salatif a jikin akwatin. Ɗan kwangilar da ya girka ta shekaru da suka wuce har yanzu yana iya shiga daga nesa da AnyDesk, ba kuma wanda ya san ko yaronsa da ya bar aiki na da lambar. Wallahi wannan abin yana damuna, domin bayanan da ke ciki na mutanenmu ne: cutar da mace ba ta so kowa ya sani, albashin magidanci, lambar asusun ɗalibi.

Shi kansa ajiyewa a gida ba iri ɗaya ba ne, kuma mai talla ba kullum yake fayyace wannan ba. Akwai tsarin da injin aikin ke gida amma ana sarrafa shi daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, kamar yadda Boomi da MuleSoft ke bayarwa. Yana da sauƙin kulawa, sai dai a tambaya ƙarara: in intanet ta ɗauke kwana uku, aikin zai ci gaba? Me ke fita zuwa wajensu, rahoton aiki kawai ko har da bayanan mutane? Lasisin yana buƙatar tuntuɓar su kafin ya yi aiki? A sa amsoshin a rubuce cikin yarjejeniya. Akwai kuma wanda aka yanke shi daga intanet gaba ɗaya, wanda ya fi wuyar kutsawa, amma kowane faci sai an ɗauko da hannu, filashin da aka ɗauko shi da ita kuma na iya zama ƙofar cuta. Ma'aikatar da ta san wutarta ba ta da tabbas tana iya hayar wuri a cibiyar ajiyar bayanai ta cikin ƙasa, irin ta Galaxy Backbone a Abuja ko Rack Centre a Legas. Ko ba don komai ba, kwafin bayanai na biyu ya zauna can. Duk wanda ya zo yana tallar Kubernetes, tsarin sarrafa manhajoji a kan sabar da yawa, ga ofishin da ke da ma'aikacin kwamfuta ɗaya, a ba shi haƙuri.

Tsohuwar ƙa'idar nan ta ajiye bayanai kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri daban, har yanzu ba ta tsufa ba, amma kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba bai kamata a dogara da shi ba. Dokar 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, in an yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Wanda ba ya ajiye rajistar masu shiga da fita, ba kuma mai duba ta, ta yaya zai san ma an shiga?

Tushen matsalar a kasafin kuɗi yake. Sayen sabar babban aiki ne, ana ba da kwangila, ana yanke kyalle, ana ɗaukar hoto. Albashin wanda zai riƙa sa faci duk wata, da man janareto, da sauya batir, da sabunta lasisi, suna cikin kuɗin gudanarwa da ake fara yankewa in abu ya yi tsanani. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna yaye matasan da za su iya wannan aiki in an horar da su. Mu kuwa sai mu ɗauki ɗaya, mu ɗora masa gyaran firinta da buga takardu, ranar da ya samu aiki a Abuja ya tafi da duk abin da ya sani a kansa.

Don haka shugaban ma'aikatar da takardar sayen irin wannan manhaja ta zo teburinsa ya nemi a nuna masa sunayen mutum biyu, ba ɗaya ba, da za su kula da ita, da kuɗin horar da su, da kuɗin kulawa na shekara biyar a jere da farashin na'urar. In ba a kawo ba, ya mayar da takardar.