Gambiya: zakuna biyu a tambari, babu ko ɗaya a daji

Duk wanda ya dubi tambarin ƙasar Gambiya zai ga zakuna biyu a tsaye, da gatari da fartanya a hannunsu. Kafin samun 'yancin kai a 1965 kuwa, hoton giwa ne a jikin tutar da Turawan Ingila suka yi wa ƙasar. Yau babu zaki a dajin Gambiya, babu giwa. Giwar ta ƙare tun farkon ƙarni na 20, raƙumin dawa ma a wajen wannan lokacin ya ɓace. Ɓauna da kanki da kyarkeci duk sun bi sahu. Damisa kuwa, in ma akwai saura, sai dai a ji a bakin maharba.

Akwai wani ƙaton dabba dangin gwanki, mafi girma a cikin danginsa duka, wanda masana suka fara bayaninsa a 1847 daga ƙaho da fatar da aka kai Ingila daga yankin Gambiya, har aka laƙaba masa sunan wani basaraken Ingila, Lord Derby. Irinsa na Afirka ta Yamma yanzu a Senegal kaɗai ake da tabbacinsa, a gandun dajin Niokolo-Koba da wasu wurare biyu da aka killace, Bandia da Fathala. Fathala ɗin nan dab take da iyakar Gambiya. Wato Bagambiye mai son ganin dabbar da ƙasarsa ta gabatar wa duniya sai ya tsallaka iyaka ya biya kuɗin shiga.

Ba zan ɓata lokaci wajen kukan abin da ya riga ya tafi ba, domin ihu ne bayan hari. Dalilan a fili suke. Noman gyaɗa don sayarwa Turai ya kankama tun wajen shekarun 1830, aka yi ta sare daji ana yin gona. Bindiga ta yawaita. Fari na shekarun 1970 ya zo ya ƙara. Jama'a kuma suka ninka: ƙidayar 1963 ta samu mutum kusan 315,000, ta 2024 ta samu kusan miliyan 2.4, duk a cikin ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 11,300 ba, wadda inda ta fi faɗi ma ba ta kai kilomita 50 daga arewa zuwa kudu ba. Zaki yana buƙatar fili mai yawa da garken namun da zai ci. A Afirka ta Yamma gaba ɗaya, binciken da aka fitar a 2014 ya kiyasta zakuna kusan 400 ne suka rage, mafi yawansu a dazukan W da Arly da Pendjari da ke tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, sai 'yan tsiraru a Niokolo-Koba da Kainji da Yankari. Duk mai yi wa Gambiya alkawarin dawo da zaki, ɗan yawon buɗe ido yake wa talla.

Maganar da ta dame ni ita ce ta abin da ya rage. Kuma abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Akwai dorina a can saman kogi, akwai ayu a cikin rafukan da itatuwan bakin ruwan gishiri suka lulluɓe, akwai kura da dila da mazo da gada da dabgi da beguwa da karen ruwa. Gadu kam har ya zame wa manoma alaƙaƙai, wataƙila don yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, ba mai farautarsa don tukunya. Akwai bika da jan biri da kirka, ga jemagu da ɓeraye iri-iri waɗanda su ne ma suka fi yawa in ana lissafin jinsi, ko da yake ba mai buga hotonsu a takardar talla. Duk waɗannan suna rayuwa ne a wasu 'yan guntayen dazuka. Abuko, wanda aka ayyana a 1968, hekta ɗari da 'yan kai ne. Bijilo bai wuce hekta 50 da ɗoriya ba. Kiang West, wanda ake ji da shi tun 1987, kusan murabba'in kilomita 115 ne, wato Yankari ya ninka shi kusan sau ashirin. To ƙanƙantar nan tasu ita ce ake kafa hujja da ita duk lokacin da aka so yankar wani ɓangare. Sai a ce ai ɗan wuri ne, me zai rage?

Bijilo ya ishe mu misali. Daji ne a bakin teku, kusa da unguwar otal-otal ta Senegambia, kuma kowa ya fi saninsa da gandun birai. Kirka a can sun saba da mutane fiye da kima. Baƙo na shiga da ƙullin gyaɗa za su kewaye shi, wani ya ɗale kafaɗa, wani ya zura hannu a aljihu, duk da allunan da ke cewa kada a ba su abinci. Wanda ya ga haka zai fita yana cewa birai sun yi yawa a Gambiya. Sai ya ɗaga kai sama sosai kafin ya hango ainihin wanda ake jin tsoron rasawa, birin kolobus mai jan ciki da baƙin baya, zaune shiru a kan reshe yana tsinkar ɗanyen ganye. Shi ba ruwansa da gyaɗar baƙi. Hannunsa kusan babu babban yatsa, cikinsa kuma ɗaki-ɗaki ne mai narkar da ganye, shi ya sa ba ya jure zaman keji, ba ya kuma iya rayuwa a kan bola kamar kirka. Abincinsa da hanyarsa da makwancinsa duk a saman itace suke. In aka sare itatuwan da rassansu ke haɗe, dole ya sauko ƙasa, a nan kuma kare da mota da wayar lantarki ke jiransa. Irin wannan biri, wanda ake dangantawa da sunan Temminck, a Senegal da Gambiya da Gini Bisau da wani yanki na Gini kaɗai yake a duk duniya, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

A cikin wannan dajin aka yanki wani ɓangare aka gina babban zauren taro na ƙasa da ƙasa, da tallafin China na kusan dala miliyan 50. An buɗe shi a Janairun 2020, kuma a cikinsa aka yi taron ƙolin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a watan Mayun 2024. Masu rajin kare muhalli sun yi ta magana, ba a saurare su ba. Ba na cewa ƙasa ba ta buƙatar zauren taro. Tambayata ita ce, a duk faɗin yankin Kombo, inda Bijilo yake, babu wani fili sai wannan? Abin da ya fi ɗaure kai shi ne sunan da aka ba zauren: Sir Dawda Kairaba Jawara. Jawara likitan dabbobi ne da ya yi karatu a Glasgow kafin ya shiga siyasa, kuma shi ne a Fabrairun 1977 ya fitar da sanarwar nan da ake kira Sanarwar Banjul, inda ya amsa da bakinsa cewa yawancin manyan namun dajin ƙasar sun ɓace tare da dazukansu cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ya kuma ɗauki alkawarin gwamnati za ta tsare abin da ya saura saboda 'yan baya. A shekarar aka yi dokar kare namun daji, aka sake sabunta ta a 2003. Doka dai ba ita ce Gambiya ta rasa ba.

Wani zai ce, mutumin da ke neman abin sawa a bakin salati ina ruwansa da biri? Maganar tana da nauyi, kuma ban ga amfanin yi mata ba'a ba. Matasan Gambiya suna cikin waɗanda suka fi yawan bin hanyar hamada da teku zuwa Turai, kuma talauci ne ke kora su. Amma a duba su waye suka ci moriyar ɓarnar da ta fi girma. Ɗauki cinikin madobiya, itacen da 'yan kasuwar China ke saye don yin kujeru masu tsada, wanda mutanen Taraba ma sun ga yadda aka yi masa wawaso. Gambiya ta riga ta kusan ƙarar da nata, amma sai ga ta cikin manyan masu fitar da shi, domin ana saro shi ne daga Casamance a kudancin Senegal a shigo da shi ta iyaka a loda a tashar Banjul. An fara tun zamanin Yahya Jammeh, aka ci gaba bayan tafiyarsa a 2017, har sai Yulin 2022 gwamnatin Adama Barrow ta haramta fitar da katako, bayan CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta matsa lamba. Mai amalanken da ya ɗauko gungume daga daji ladan yini ya samu. Kuɗin gaske ya tafi wajen masu kwantena da masu sa hannu a takarda. Haka ma masana'antun garin kifi da aka kafa a Gunjur da Sanyang da Kartong, masu kwashe ƙananan kifayen da talaka ke ci su mayar abincin kifin kiwo a ƙasashen waje. A wannan gaɓar tekun ne ake samun wani dabbar dolfin mai ƙusumbi wanda IUCN ta sa a matakin haɗari mafi tsanani tun 2017. Saboda haka in an ce talauci ne ke cinye namun dajin Gambiya, a riƙa tambaya, talaucin wa?

Inda talaka ke da ƙorafi na gaskiya shi ne wajen dorina. A yankin tsakiyar kogi, wajen Kuntaur da Janjanbureh, mata ne ke yawancin aikin shinkafa, kuma dorina ɗaya na iya shiga fadama da dare ta tattake aikin wata uku kafin asuba. Mutanen Yawuri da na Dadin Kowa ba sai an yi musu dogon bayani ba. Doka ta hana kashe ta, kuma daidai ne, tun da duniya ta sa ta cikin dabbobin da ke raguwa. Sai dai dokar da ta ce wa mace kada ki taɓa dorina, ba ta ce ga wanda zai biya ki shinkafarki ba, doka ce da ake karyawa da dare. Nan ne kuɗin masu ba da tallafi ya kamata ya sauka: ramuka da shinge a bakin gonaki, barin wani yanki na ciyawar bakin kogi don dorinar ta samu abin ci, da diyya mai zuwa kafin damina ta gaba. Bita a otal ɗin Kololi ba ta taɓa korar dorina daga gona ba.

A wannan yankin ne kuma Gambiya ta nuna cewa ɗan wuri na iya yin babban aiki in an tsare shi da gaske. Birin cimpanzi ya ƙare a ƙasar tun farkon ƙarnin jiya. A 1969 Stella Brewer, 'yar wani jami'in gandun daji, ta fara rainon marayun da aka ƙwato daga hannun masu fataucinsu, a Abuko. Daga baya, a 1979, aka kai su tsibiran da ke cikin gandun River Gambia, wanda duka-duka hekta 585 ne. Wata Ba'amurkiya, Janis Carter, ta yi shekaru tana zaune a tsibiri tare da su tana koya musu cin abincin daji. Yau sun haura 100, yawancinsu a can aka haife su, alhali danginsu na Afirka ta Yamma sun ragu da kusan kashi 80 cikin 100 tsakanin 1990 da 2014. Sirrin ba wani mai wuya ba ne. Ba a yarda baƙo ya taka tsibiran ba, ko nawa zai biya, sai dai ya kalla daga cikin jirgin ruwa. Mutanen ƙauyukan kewaye suna samun aiki a wurin. An ja layi, kuma shekara arba'in da wani abu ba a goge shi ba. Gaskiya ruwa ya taimaka, kuma ba mai sha'awar gina otal a tsakiyar kogi mai nisan kusan kilomita 300 daga Banjul. Gwajin gaske yana bakin teku, inda fuloti ke da tsada.

Sauran rabin maganar yana hannun Senegal, ko Banjul ta so ko ta ƙi. Niokolo-Koba kaɗai ya kai kusan kashi huɗu cikin biyar na faɗin Gambiya gaba ɗaya, kuma a 2024 UNESCO ta cire shi daga jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari bayan shekara 17 yana ciki. Kogin da dorina da ayu ke rayuwa a cikinsa daga tsaunukan Futa Jalon na Gini ya taso, ya ratso ta Senegal, kuma madatsar Sambangalou da aka tsara ginawa a can za ta sauya yadda ruwan daɗi ke sauka da yadda ruwan gishiri ke hawa. Ƙasashen biyu sun riga sun haɗa gandun Niumi da na Saloum a matsayin dausayi guda a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 2008. Irin wannan ake buƙata a iyakar Casamance, da ma'aikatan daji masu sintiri tare, masu albashi da man babur.

A cikin gida kuwa abin da nake ganin ya fi gaggawa bai buƙatar dala ko ɗaya daga waje. A kafa iyakar kowane gandu da siminti, a buga taswirarsa kowa ya gani, sannan a sa a doka cewa ba minista ko shugaban ƙasa da zai cire ko hekta guda sai an kai maganar gaban majalisar dokoki an yi muhawara a fili, an ji ta bakin hukumar kula da gandun daji da namun daji da ke Abuko da kuma dagatan ƙauyukan da abin ya shafa. Da akwai wannan sharaɗin kafin a gina zauren taron nan, da sai wani ya tashi tsaye a zauren majalisa ya bayyana dalilin da ya sa aka zaɓi Bijilo, kuma da sunansa yana rubuce.