Takardun yaran jirgin New York da ake rububinsu yanzu

Wallahi duk sanda na ga an yi gwanjon tsofaffin zane-zanen yaran New York na shekarun 1970 da 1980 sai in ji daɗi, can kuma takaici ya biyo baya.

Ga wanda bai san labarin ba, yaran unguwannin talakawa ne irin su Bronx da Brooklyn, da yawansu baƙar fata da 'yan asalin Puerto Rico, cikin dare su haura shinge su shiga inda ake ajiye jiragen ƙasa su feshe tarago da fenti tun daga wannan kai har wancan. Tun da jaridar New York Times ta buga labarin Taki 183, wani yaro mai rubuta laƙabinsa ko'ina a gari, a 1971 abin ya bazu, kowane yaro na so sunansa ya zaga gari. Amma fa kafin yaro ya taɓa tarago sai ya zauna da littafin zanensa mai baƙin bango, su ma baƙin littafi suke ce masa, ya tsara haruffan sunansa da fensir ya bi da alƙalamin maka, ya gwada kala ya sake ya kuma sakewa har ta zauna. A tashar titi na 149 a Bronx akwai wani benci da suke taruwa, ana miƙa littattafai hannu zuwa hannu, wannan ya zana a na wancan, ƙananan yara na roƙon manya su sa musu hannu, ana kallon jirage na wucewa ana faɗin wa ya fi wa.

To jiragen nan an wanke su tas, a 1989 hukumar sufuri ta sanar cewa ta gama da zanen tarago. Abin da ya rage sai hotunan da Martha Cooper da Henry Chalfant suka ɗauka, sai kuma takardun nan. Shi ya sa masu tara kayan zane ke binsu, kuma ban ga laifinsu ba sam, domin a takarda ne kake ganin hannun mutum, inda ya goge fensir, inda tawada ta huda ta fito a bayan shafi. Yaron da ya zana bai taɓa tunanin sayarwa ba, abokansa yake so ya burge.

Ku duba mai zane Keith Haring ma. Daga 1980 zuwa 1985 yana zane da farin alli a kan baƙar takardar da ake liƙawa a allon tallan da ba a saya ba a tashoshi, kyauta, don masu tafiya aiki su gani. Da mutane suka fara yagewa suna sayarwa sai ya daina. A Nuwamban 2024 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da guda 31 a kan dala miliyan 9.2. Abin da aka yi wa jama'ar gari kenan fa, yanzu yana falon masu kuɗi, wannan shi ne ke min ciwo gaskiya.

Ni wanda nake gani da daraja a harkar nan Martin Wong ne, mai zane Ba'amurke ɗan asalin China da ya yi abota da yaran tun ana musu kallon ɓata-gari, ya riƙa saye yana musaya da su, sannan a 1994 ya ɗauki tarinsa sama da guda 300 ya ba gidan tarihin birnin New York, akwai aikin fitattun masu zanen tarago irin su Lady Pink da Lee Quiñones da Futura a ciki. A 2014 aka baje su kowa ya shiga ya kalla.

Dan Allah duk wanda littafi irin wannan ya faɗo hannunsa kar ya yayyanka shi ya sayar shafi ɗai-ɗai don riba. Littafi guda zai iya ɗauke da hannun mutane da dama, wasunsu sun rasu, fitaccen mai zanen tarago Dondi ma tun 1998, in aka raba shafukan ba mai sake sanin wa ya zauna da wa a bencin nan. A ɗauki hoton kowane shafi a sa a intanet, a ba gidajen tarihi aro, kuma waɗanda ke raye cikinsu a neme su a saya daga hannunsu kai tsaye.