Duwatsun Tirol da na Ayar: wa ke riƙe da jakar kuɗi?

Shekara shida ke nan ina aiki a wani otal kusa da Bolzano, a Tirol ta Kudu, can arewacin Italiya. Da sassafe in na leƙa taga na hango duwatsun Dolomiti, sai Ayar, yankinmu na duwatsu a arewacin Nijar, ta faɗo mini a rai: lambunan lemo na Timiya, da ruwan nan da ke gangarowa daga kan dutse. Wallahi ba su fi mu kyan wuri ba.

Mutanen Tirol ta Kudu ma fa sun sha rikici. Yawancinsu Jamusanci suke yi, an haɗe su da Italiya bayan yaƙin duniya na farko ba da son ransu ba. A 1961 har turakun wutar lantarki aka riƙa tarwatsawa da bam. Dokar cin gashin kai ta 1972 ce ta kashe wutar. Yau kusan kashi 90 cikin 100 na harajin da aka tara a lardin, a lardin yake zama. Da shi ake shimfiɗa kwalta har ƙauyen da bai fi gida ashirin ba. Manomi mai shanu goma ya ware ɗaki biyu yana saukar da baƙi, ɗansa kuwa bai ga dalilin gudu birni ba. Baƙin sun yi yawa, har a 2022 gwamnatin lardin ta ƙayyade yawan gadajen saukar baƙi. Ka ji matsalar masu ƙoshi!

Mu fa? A shekarun 1980 Agadas cike take da Turawa. Direba, ɗan jagora, maƙerin azurfa, kowa na samun na cefane. Mano Dayak kansa, ɗaya daga cikin jagororin tawayen Buzaye na shekarun 1990, kamfanin yawon buɗe ido yake da shi kafin ya shiga tawayen. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Ayar da hamadar Tenere cikin wuraren gadon duniya a 1991, shekara ta zagayo ta mayar da su jerin masu fuskantar haɗari. Aka sasanta a 1995, baƙi suka fara dawowa, tawayen 2007 ya sake korarsu, satar Turawa a Arlit a 2010 ta ƙarasa rufe ƙofar. Direban da ya san kowane tudun rairayi ya koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, ko haƙar zinariya a Jado.

Kullum aka ɗauko zancen sai a ce tsaro. Na yarda. To me ya sa aka ɗauki bindigar tun farko? Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma je ka bi hanyar da ake fitar da shi, daga Arlit zuwa Agadas, ka ji yadda ƙashin bayanka zai yi. Ni dai ban ga yadda baƙo zai saki jiki a inda mai gida kansa ke jin an cuce shi ba.

Kwanan baya mai otal ɗinmu ya ga hoton Timiya a wayata, ya tambaye ni wa ke gyara hanyar zuwa can, Agadas ko Yamai. Na ce masa lemon wurin akwai zaƙi.