Lambobi shidda da suka ci kuɗin hatsin ƙauyenmu

A ƙauyenmu da ke bayan Kaita, cikin jihar Tawa ta Nijar, akwai zauren WhatsApp da 'yan bida suka buɗe shekarun baya. Na Abijan, na Libiya, na Aljeriya, da mu da muka tsaya nan Tawa, duk muna ciki. Can ake sanar da haihuwa da rasuwa, can ake karo-karo in famfon gari ya lalace ko an kwantar da wani a likita. Ma'ajin zauren ƙanen mahaifina ne, muna ce masa Baba, tela, mutumin da in dala ta ɓace masa sai ya kwana yana lissafi.

Ran wata Lahadi, kasuwar Tawa ta cika maƙil, wani ya kira shi. Hausarsa tsab, ya ambaci sunansa, ya tambayi mutan gida da gajiyar kasuwa, sannan ya ce an buɗe sabon zaure na masu tallafin hatsi, za a sa shi ciki, wata lamba za ta shigo masa yanzu, ya daure ya karanto ta. Almakashi na hannun Baba, salula maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, mai riga tsaye a kansa. Ya karanto lambobi shidda, ya ci gaba da yankansa. Kafin la'asar saƙo ya bi 'yan zauren ɗaya bayan ɗaya, da sunansa da hotonsa: an samu gero mai sauƙi, kowa ya turo nasa yau a wannan sabuwar lamba. Wani yaro a Abijan ya ce, "Baba, yi mini murya in ji." Aka ba shi amsa a rubuce cewa wayar ce ta faɗi, ba ta ɗaukar magana. Mutum biyar suka tura. Jika 140 na sefa suka tafi, guminsu na dako da tura baro a ƙasar mutane.

Da na same shi da dare abin da ya fi ci masa rai ba kuɗin ba ne. "Ɗana," in ji shi, "da sunana aka yi roƙo."

Dabarar ba ta da wani zurfi. Ɓarawo ya sa lambarka a wayarsa kamar shi ne mai ita, manhajar WhatsApp ta aiko maka da lambar tabbatarwa, kai kuma ka miƙa masa da bakinka. In ya shiga ya ɗaura nasa makulli na biyu, kana iya jiran kwana 7 kafin ka dawo cikin abinka, kuma kwana 7 sun ishi mai wayo ya zagaye duk danginka. Wannan, da saƙon ƙarya na "na yi kuskure na turo maka kuɗi, maido mini", da kiran "ka ci kyauta, biya kuɗin fito da ita", su ne laifin intanet da talakan Adar, yankinmu na Tawa, ya sani a jikinsa. Ka zauna kowace fada ka jefa zancen, kafin a sauke shayi na biyu ka ji labari uku.

To muna da doka. Tun 3 ga Yulin 2019 Nijar ke da dokar yaƙi da laifuffukan intanet, mai lamba 2019-33, kuma a cikinta akwai kutse, akwai zamba ta na'ura. Sai dai ka tambayi duk wanda ke sauraron rediyo abin da ya sani game da ita, zai ce maka dokar da ake kama masu rubutu ce. Bai yi ƙarya ba. A watan Yunin 2020 da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou saboda abin da ta wallafa a Facebook kan binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, ta yi makonni a gidan kaso kafin kotu ta sallame ta. A 2022, zamanin shugaba Bazoum, aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, aka bar tara. A watan Yunin 2024 Janar Tiani, shugaban mulkin soja, ya sa hannu a kan dokar da ta maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da zaune tsaye, da tarar da ke kaiwa miliyan 5 na sefa. Gwamnati uku ke nan, farar hula da soja, kowace ta taɓa dokar, kuma duk gardamar da aka sha a kan baki aka sha ta. Aljihun Baba ba a ji wanda ya ta da jijiyar wuya a kansa ba.

Ba na cikin masu cewa magana ba ta kisa. Wanda ya ga abin da ya biyo bayan 21 ga Maris 2021, ranar da aka kashe mutum 137 a Intazayan da Bakorat da Wistan cikin yankin Tiliya, ya san yadda waya ke zama wuta a irin wannan lokaci. Hoton gawa na wata ƙasa a ce na nan ne, murya marar suna tana cewa ƙabila kaza ce ta nuna hanya, wani ya ɗauki ayarin soja yana wucewa ya watsa don a ce shi ya fara gani. Ƙasar da ke cikin yaƙi dole ta sa ido a kan wannan, kuma wanda ya ƙaga ƙaryar da za ta sa maƙwabci ya zare wuƙa ya cancanci ya tsaya gaban alƙali. Inda nake da ja shi ne faɗin kalmar. "Ta da zaune tsaye" riga ce da ke shiga kowa. Mai hura wutar ƙabilanci tana yi masa daidai, haka ma malamin makarantar da ya yi ƙorafin albashi, haka ma matar da ta ɗauki hoton layin masu jiran ruwa. In kalma ɗaya ta haɗa waɗannan uku, mai hankali sai ya ja bakinsa, kuma a ƙasarmu labarin gaskiya da ba a faɗa a fili ba ba ya mutuwa, muryar ɓoye yake komawa, ya dawo da ƙari.

Mun ma ga inda aka yi maganin ƙaiƙayi da yanke hannu. Bayan sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, daga 24 ga Fabrairun 2021, an katse intanet ɗin salula wajen kwana goma. Jita-jita ba ta tsaya ba, ta koma baki da baki a tasha da bakin masallaci, inda babu mai ƙaryata ta. Abin da ya tsaya shi ne cinikin mai albasa da ke aika hoton buhu ga dillali a Kwatano, da muryar ɗan bida zuwa ga uwarsa. A farkon 2025 kuma aka ji ministan sadarwa na lokacin yana zancen sai an nemi izini kafin a riƙe zauren da ya kai mutum 50. Namu ya haura ɗari. Na yi ta tunanin Baba da keken ɗinkinsa a layin neman lasisi, alhali wanda ya sace masa suna ba ya buƙatar izinin kowa.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A 2013 an rufe layukan waya wajen miliyan 1.7 a ƙasar nan saboda ba a yi musu rajista ba, aka ce don tsaro. Ke nan kowane pus, wato katin layin waya, da ke aiki yau akwai katin ɗan ƙasa a bayansa, kowane kuɗin da aka cira a ajans, wato shagon aikawa da karɓar kuɗi, akwai wanda ya nuna takarda. A takarda, ɓarawon Baba yana da suna da unguwa. A zahiri kowa ya san ana sayen pus da aka riga aka yi wa rajista da katin wani, wani lokacin katin tsohon da bai taɓa riƙe salula ba. Daga ina katunan ke fitowa? Daga hannunmu. Duk inda muka je neman aiki, ko tallafi, ko sa yaro makaranta, sai mun bar fotokopi, kuma babu mai tambayar inda tarin takardun ke kwana. Ni da idona na taɓa sayen gyaɗa aka ƙunsa mini a kwafin katin wata mata, da hotonta da ranar haihuwarta, mai ya ɓata rabin fuskar. Muna da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, muna da dokarta tun 2017 wadda aka sabunta a 2022, muna da hukumar ARCEP mai sa ido a kan kamfunnan waya. Aikin da zai taɓa rayuwar mutane yana nan wajen mai tebur da lema da ke sayar da pus, da kuma saurin da za a iya toshe lambar da aka tura wa kuɗin sata kafin a cire su. Minti talatin na farko su ne komai. Wanda aka cuta a Buza ko Madawa yana buƙatar lamba ɗaya gajera da zai kira, a amsa masa da harshensa, a riƙe kuɗin tukuna, bincike ya biyo baya.

Zancen harshe kuwa ba ƙarami ba ne. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, muka yi murna. Amma yawancin wayoyin da ke hannun iyayenmu da Faransanci suke magana, gargaɗin da ke zuwa a rubuce kuma bai isa kunnen wanda duk harkarsa da murya yake yi ba. Rediyon gari da ke karanta sanarwar suna da biki, da limamin Juma'a, da mai shelar kasuwa, za su iya sa "kada ka karanta wa kowa lambar da ta shigo maka" ta zama abin da yara ke rerawa. Kuɗin da za a kashe a nan bai kai na shari'ar mutum guda da ya zagi wani a Facebook ba.

Mun kai ƙara, an rubuta, an ba mu takarda. Baba ya adana ta cikin littafin awon riguna, tsakanin wuyan wani da hannun wani. 'Yan Abijan sun ce sun yafe, shi ya ce bai yafe wa kansa ba, yana biya jika biyar biyar duk ƙarshen wata. Ya kuma kafa wa zauren tasa doka: kuɗi ba ya motsi sai an ji muryarsa, kuma sai ya ambaci sunan kakar mai turowa.