"In kaya ya fita, ya fita"? Wa ya kafa wannan doka?

Ana gobe Sallah na saya wa ɗana motar wasa mai rimot, naira 12,000. Tun azumi yake roƙona, ni kuma na yi masa alkawari idan ya kai azumi goma. Ya kai. Muka dawo gida, ya yage kwalin da hannunsa, muka sa batir sabo fil. Fitilar gaba ta kama, taya ɗaya ta juya sau biyu, shi ke nan. Ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Abba, ko ba ta da mai ne?" Wallahi har yau maganar nan tana cina.

Bayan Sallah da kwana biyu na koma shagon, kwali da rasit a hannu. Yaron shagon ko buɗewa bai yi ba, ya nuna mini ƙasan rasit inda aka rubuta ba a dawo da kaya. Na ce a kira maigidansa. Ya zo, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, in kaya ya fita ya fita. Ƙila yaron ne ya yar da ita." Na ce to a gwada wata a gabana a canza mini. Ya ce a'a.

Na san 'yan kasuwa ma suna shan wuya. Kwali-kwali suke sarowa, a rufe, wani lokaci rabin kayan matattu ne, kuma dilan da ya ba su ba ya karɓa. Amma shi ya zaɓi wurin sarinsa, shi ya ci ribar masu kyaun. Don me asarar matattun za ta sauka a kan yaro ɗan shekara bakwai?

Rubutun ƙasan rasit ɗin nan ba doka ba ne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a ba shi kuɗinsa. Tun kafin ita ma, malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan zaɓin aibi: ka sayi abu, ka tarar da illar da ba a faɗa maka ba, kana da ikon mayarwa. Kuma kowa ya haddace hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A kasuwarmu muna jin wannan a wa'azi bayan Azahar, La'asar na yi mu koma ga "ya fita ya fita".

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne 'yan uwana da ke cewa in bar wa Allah, wai kayan wasa ne kawai. Shirun nan namu ne ya sa ake buga wannan layi a rasit ba kunya.

Motar tana saman sif, cikin kwalinta. Ranar Asabar zan koma, wannan karon ta wurin shugaban 'yan kasuwar layin. In bai yiwu ba, ranar Litinin in kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, da rasit ɗina.