Hawan Sallar Zazzau: baƙo ya kwana, sannan gari ya ci riba

A nan Birtaniya inda nake zaune, idan gari ya fara mutuwa, sau da yawa biki ake ƙirƙira masa. Gilasgo ta samu kambun birnin al'adu na Turai a 1990, Libaful a 2008, kuma duk biyun garuruwa ne da aikin masana'antu da na tashar jiragen ruwa ya ja baya a cikinsu. Mu a Zariya ba sai an ƙirƙira ba. Hawan Sallah, Hawan Bariki da Hawan Daushe suna nan sau biyu a shekara. To, me ya sa da an kwance sirdi cikin birni yake komawa yadda yake?

Saboda baƙonmu ba ya kwana. Ya taso daga Kaduna, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, ya tsaya a Ƙofar Fada, ya ɗauki hoto, ya sayi ruwan leda da tsire, kafin magariba ya kama hanya. Wanda ya yi kwana uku kuwa zai biya masauki, ya ci abinci sau tara, ya hau Keke Napep, ya shiga wajen masu ɗinkin hannu ya taya babbar riga. Bikin wasanni da kaɗe-kaɗe na Edinbara, babban birnin Sikotland, wanda aka fara a 1947, a kan wannan lissafin yake tafiya: mako uku a watan Agusta, an san ranakun tun bara, har ɗakunan ɗalibai jami'a take bai wa baƙi haya. Mu muna da soro da ɗakin baƙi a gidajen cikin birni. Mai unguwa ya rubuta gidajen da suka yarda, a duba banɗaki da ruwa da gidan sauro, a tsayar da farashi ɗaya, a buga lambar waya.

Za a ce ai Sallah da ganin wata take. Gaskiya ne ga Ƙaramar Sallah, wadda sai daren jajibere ake tabbatarwa. Amma Babbar Sallah, da Sarkin Musulmi ya sanar da ɗaya ga Zulhijja, an san ranarta tun saura kwana tara. Ita ya kamata a tallata wa na nesa. Sai dai a tuna tana matsowa da kwana 11 duk shekara, yanzu tana faɗowa a bakin damina, don haka yashe kwatoci da rufin rumfa suna gaba da fenti.

A filin fada, aikin ba na biliyoyi ba ne. Rumfar kallo mai hawa-hawa da ake haɗawa, bayan hawa a kwance ta, baƙo ya biya, ɗan gari ya tsaya a wurinsa kyauta kamar kullum. Shinge tsakanin 'yan kallo da hanyar dawakai, domin a wajen jafi ne doki kan kubce wa mahayi. Layi ɗaya a bar wa motar asibiti, ko mai rawani kada ya ajiye mota a kai. Banɗakin mata daban. Kashin dawakai ma taki ne, a bai wa masu lambu kwangilar kwashewa.

Kuɗin rumfar nan kuwa a san inda suke tafiya. Edinbara ta amince da harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin kwanan baƙi, don ɗawainiyar biki ta daina faɗawa kan 'yan gari kaɗai. Namu ya tafi ga dukawa masu sirdi da kayan doki, da maƙera masu linzami da likkafa, da maginan da suka iya yaɓe da makuba. Idan kayan adon hawa duk na kanti ne, kuɗin sun bi mota sun fita.

Akwai abin da ba na so mu kwaikwaya. A Edinbara masu gidaje kan fi son baƙon Agusta a kan ɗan haya na shekara, haya ta yi tsada. Libaful kuwa ta yi ta gine-gine a bakin ruwa har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta cire ta daga jerin wuraren tarihi na duniya a 2021. Irin wannan gyaran ne nake tsoro a Zariya: a rushe ragowar ganuwa don faɗaɗa titi, a shafe ginin ƙasa da siminti, wanda ke riƙe danshi har bango ya rube daga ciki. Garin da ke da Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina bai kamata a koya masa wannan ba.

A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya. Masu zuwa Kano daga Abuja ta mota, ta Zariya suke wucewa, kuma a yanzu babu ko allo ɗaya a Kwangila da ya isa ya sa su taka birki.