Kek ɗin lemun tsami a ƙasar da kakarta ba ta da tumu

Ranar Asabar da ta wuce na gasa kek ɗin lemun tsami, karo na huɗu ke nan tun shigowar watan Oktoba, kuma wannan karon Allah ya rufa asiri bai lotsa a tsakiya ba. Ina tsaye a kicin ina goga ɓawon lemun a magogin kuɓewa, ƙamshi ya cika gidan, na leƙa ta taga sai ga bishiyoyin layinmu sun rine, wasu ja wasu ruwan ɗorawa, iska tana kaɗo ganyen yana taruwa a bakin ƙofa. A nan Leeds, arewacin Ingila, wannan shi ne lokacin da in za a ba shi suna da Hausa sai dai a ce kaka. Ni kuwa 'yar Sakkwato ce. Da an ce kaka, hancina tumu yake nema.

Wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyata ce ta koya mini kek ɗin. Ta rubuto mini shi a 'yar takarda kamar likita ya rubuta magani: bota giram 225, sukari giram 225, fulawa mai haɗe da bekin foda giram 225, ƙwai huɗu, ɓawon lemo ɗaya, wuta digiri 180, minti 45 zuwa 50. Lemun nan irin nasu ne, babba mai ruwan ɗorawa, ba ɗan kore namu na kasuwa da muke matsawa a kunun gyaɗa ba, kuma ko shi ɗin ba a Ingila ake noma shi ba, yawanci daga Sifaniya ake kawo shi. Sirrin yana ƙarshe. Da an fito da kek ɗin da zafinsa sai a tsattsaga shi da tsinken tsire, a dama ruwan lemo da sukari a kwarara a kai. Ruwan ya bi ramukan ya shige ciki, sukarin ya tsaya a sama ya bushe ya yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras. In ka gutsura, tsami ne zai fara gaishe ka kafin zaƙi ya iso.

Karon farko raina takardar na yi. Na ce ni da na tashi a gidan da ake tuƙa tuwon mutum ashirin, kek ne zai gagare ni? Na zuba fulawa da ido, na ƙara ƙwai ɗaya don albarka, sannan minti ashirin da sa shi na buɗe oben in ga ko ya tashi. Ya tashi kam, amma ina rufe ƙofar ya zauna daɓas, tsakiyarsa ta yi rami kamar kwatami. Tsohuwar ta zo ta duba, ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce iska mai sanyi na shigar masa tun ƙullun bai kama jikinsa ba. Washegari ta aiko mini da sikeli.

Abin ya ba ni haushi, don na san kek tun kafin in san oben. Duk jajibirin Sallah Yaya takan zauna a tsakar gida da roba tsakanin ƙafafu, tana buga bota da sukari da muciya har hannunta ya sage, mu kuma aikinmu wanke gwangwanayen madara da shafa musu mai. A zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora a murhu ya yi zafi, a jera gwangwanayen a kai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Ba agogo, ba sikeli. Yaya da hanci take gane ya nuna, kuma ban taɓa ganin nata ya lotsa ba. To amma yau Yaya tana Gusau da 'ya'yanta, kuma cikinmu mu biyar da muka yi ta wanke gwangwani babu wadda za ta iya maimaita kek ɗin nan. Na tsohuwar Baturiya kuwa, ni baƙuwa daga wata duniya na iya shi a gwaji na huɗu, don kawai an rubuta.

Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai game da kakar mutanen nan gaba ɗaya. Kusan duk abin da suke yi a wannan lokaci yana da rana a kalanda. Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba coci-coci da makarantu suna bikin godiyar girbi, al'adar da wani limamin coci a yankin Cornwall ya farfaɗo da ita a 1843. Ranar 21 ga Oktoba ta tuffa ce, tun 1990 ake yin ta, a baje irin tuffa iri-iri a ɗanɗana, a matse ruwanta. Lahadin ƙarshe ta Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ka ga an yi Magariba biyar ba ta yi ba, abin da har yau jikina ya ƙi sabawa da shi. Ranar 5 ga Nuwamba kuma daren wuta ne, tunawa da Guy Fawkes da abokansa da suka yi yunƙurin tarwatsa majalisar dokoki da albarushi a 1605 asirinsu ya tonu. A tara itace a fili a cinna, a yi ta harba tartsatsi sama, a nan yankin kuma a ci wani kek mai danƙo na citta da baƙin ruwan sukari da suke kira parkin. Shekara fiye da 400, kuma ɗan firamare ya san ranar da dalilinta.

Sai dai in ka duba da kyau, biki ne na girbi a hannun mutanen da girbi ya bari tuntuni. Waɗanda ke aikin gona a ƙasar nan ba su kai biyu cikin ɗari na ma'aikata ba. Da makarantar yarana ta aiko a kawo gudunmawar bikin girbi, abin da aka nema gwangwanin wake ne da taliya da shinkafar leda, za a kai wa ma'ajiyar abincin mabuƙata. Niyya ce mai kyau, na saya na ba su. Amma da na ga ƙaramin yana jan jakar gwangwanaye yana cewa ya kai girbinsa, dariya da tausayi suka kama ni lokaci guda. Yaron nan jikan manomi ne, bai taɓa ganin zangarniyar gero ba.

A wajenmu kaka ba ado ba ce. Gonarmu ta gado tana wajen Wurno, kuma tun kafin a girbe ake fara cin daɗinta. A karyo zangarniyar da ta yi ido amma ba ta bushe ba, a babbaka ta a wutar kara, a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da ɗuminsa. Tumu ke nan. Hannu ya yi baƙi, ƙaiƙayi ya bi wuya yana cizo, ba wanda ya damu. Bayan nan sai girbi da yanka da ɗaurin dami, jakuna da raƙuma suna shigowa gari da yamma ƙura na bin su, a yi ta jefa damman cikin rumbun ƙasa. Kafin a rufe rumbu Baba yakan ware zakka, dami goma a fitar da ɗaya, tunda gonar ruwan sama ce; masu noman fadama da ke shan wahalar ban ruwa rabin haka suke fitarwa. Wanda ba shi da gona ma kaka takan shigo gidansa, ko ta zakka, ko ta kala, ko ta kwanon sabon gero da maƙwabci ya aiko. Furar sabon gero daban take, fara, mai ƙamshi, Fulani kuma nono ya wadata don shanu sun ƙoshi. A kaka ake biyan bashi, a ɗinka sabon kaya, a sa ranar aure. 'Yan dambe su bi ƙauyuka, 'yan kokawa su yi ɗamara, kalangu ya kwana yana magana. Na duƙe tsohon ciniki, a wannan lokacin ne yake biyan mai shi.

Don haka in aka ce in zaɓa, ba na ko tsayawa tunani. Tamu ta fi tasu nauyi, domin tamu a ciki take sauka, tasu a ido. Dubi abin da suke yi wa kabewa a ƙarshen Oktoba, lokacin Halowin, wanda mu ba ma shiga. A sayi kabewa ƙatuwa lafiyayya, a ƙwaƙule cikinta, a yanka mata ido da baki, a kunna kyandir a ciki, bayan kwana uku a jefa a shara. Duk layinmu haka. Na taɓa ɗaukar hoto na tura wa Inna, ta kira ni nan take tana salati, wai miyar taushe nawa ke nan aka zubar.

Amma nauyin nan bai hana tamu zamewa daga hannunmu ba, kuma nan ne nake ganin mun yi sakaci. Kalankuwa, bikin samari da 'yan mata bayan an kammala girbi, ni ban riske ta ba sai a bakin kakata (ita ma kaka, ta tafi da rabin kakar). 'Ya'yan ƙannena da suka tashi a Mabera da Arkilla sun san ranar haihuwar kowa a gidan, har kek ake yanka musu mai kyandir, amma tambaye su tumu ka ga sun kalle ka. Ban ce laifinsu ba ne. Ba wanda ya kai su gona, ba makarantar da ta ware yini guda ta ce yau ranar sabon gero ce, kowa ya zo da zangarniya. Muna ganin abin da kowa ya sani ba ya buƙatar a rubuta, alhali masu sanin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba wai ba mu iya ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 aka kafa shi, ga shi har duniya ta san da zamansa. Gero da ya riƙe ƙasar Sakkwato shekaru aru-aru bai samu ko yini ɗaya da sunansa ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma da gaskiyarsu: wadda ke zaune a Turai tana gasa kek ita ce za ta yi wa mutane maganar biki? A gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, akwai ƙauyukan da manomi ba ya girbe gonarsa sai ya biya 'yan bindiga haraji, akwai gonakin da aka bari gaba ɗaya ciyawa ta cinye. Wanda ya samu ya girbe kuma, bashin taki da hidimar gida suna sa ya sayar da arha a kaka, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada da damina. Wanda ke cikin wannan hali ba kiɗan kalankuwa ne a gabansa ba. Na yarda. Sai dai abin da nake nema bai kai biki tsada ba. Malamin firamare ya iya shigowa aji da damin gero. Mai waya a hannu ya iya zaunar da tsohuwar gidansu ya ɗauki yadda ake alkaki da nakiya, da waƙoƙin da mata ke yi a bakin turmi lokacin sussuka. Mu da muke waje ma mun fi kowa laifi, don mu ne muka ga yadda wasu suka riƙe nasu da 'yar takarda da kalanda, muka tsaya ɗaukar hoto a gindin bishiya mai jan ganye.

Shi ya sa da kek ɗin ya huce na yanka, na kai wa tsohuwar rabonta, na dawo na kira Inna. A shagunan 'yan Indiya da Pakistan ana samun gero, suna ce masa bajra, na sayo kilo biyu. Bayan gaisuwa na tambaye ta amfanin bana, ta ce, "Alhamdu lillahi, abin da munka samu ya ishe mu godiya." Na ce, "Inna, fura nake so ki koya mini, amma da awo." Ta ce, "Awo, na ji ki," ta fashe da dariya. "Ke ɗiyar ga, hura aka aunawa? Hannu shi ka sani." Na ce hannuna bai sani ba, shi ya sa na kira.

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta fara. Gero kwano guda, a surfe a wanke a bar shi ya tsane. Citta kamar tsawon yatsa biyu. Barkono gwargwadon bakin masu sha. Kanumfari abin da yatsu uku suka ɗauka. Ina riƙe da waya a kafaɗa na tsoma yatsu uku a kwalbar kanumfari na zuba a sikelin tsohuwa. Ya nuna giram biyu. Na rubuta a bayan takardar kek ɗin, Inna kuma tana ta tambaya wai me ya sa na yi shiru, ko layin ne ya yanke.